Birkin Ƙwaƙwalwa: Yadda Magungunan Benzodiyazefin Ke Aiki

Idan farfaɗiya ta buge mutum, yawanci jijjigar kan lafa da kanta cikin minti ɗaya ko biyu. Amma idan ta haura minti 5 ba ta tsaya ba, likitoci na ɗaukar lamarin a matsayin na gaggawa, domin kowane minti da ya ƙaru, tsayar da ita na ƙara wuya, ƙwaƙwalwa kuma na iya samun illar da ba ta gyaruwa. A irin wannan hali, abin da hannun ma'aikacin lafiya ke fara kaiwa gare shi ɗaya ne daga cikin magunguna uku: lorazefam ta jijiya, ko midazolam a tsoka ko a cikin kunci, ko kuma diyazefam ta jijiya ko ta dubura, musamman ga ƙananan yara. Sau da yawa cikin 'yan mintoci jikin da ke karkarwa sai ya saki, numfashi ya daidaita, haƙoran da suka datse su rabu.

Dangin waɗannan magunguna su ake kira benzodiyazefin. Su ne dai kuma 'yan ƙwayoyin da miliyoyin mutane ke haɗiya da daddare don barci ya zo, ko da safe don zuciya ta daina dukan uku-uku, wani shekara biyar, wani goma, har ta kai ba ya iya kwana ɗaya babu su. Shi ya sa ra'ayi ya rabu a kansu: wasu na ganin rahama ce, wasu na ganin guba ce da aka sa wa rigar asibiti. A ganina abu ɗaya duka suke kallo, lokacin kallon ne ya bambanta. Aikin da maganin ke yi a mintin farko shi yake yi a shekara ta biyar. Ƙwaƙwalwar da yake yi wa aikin ce ta sauya.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowace tana aika wa dubban 'yan'uwanta saƙo dare da rana. A taƙaice saƙon iri biyu ne: tashi, ko dakata. Sinadarin da ya fi ɗaukar saƙon tashi sunansa gulutamet, shi ne totur. Mai ɗaukar saƙon dakata kuwa ana kiransa GABA, shi ne birki. Lafiyar tunani da barci da motsin jiki duk sun rataya ne a kan daidaito tsakanin waɗannan biyun. Farfaɗiya ita ce misali mafi tsanani na gocewar daidaiton, inda ɗimbin ƙwayoyi ke tashi a lokaci guda babu mai tsawata musu. Firgicin da ke shaƙe mutum, da idon da ya ƙi rufuwa har asuba, da tsokar da ta ɗaure tamau, kowanne da nasa sababin, amma dukansu sukan lafa idan aka ƙara wa birki ƙarfi.

Ga yadda birkin yake. A jikin ƙwayar jijiya akwai wasu 'yan ƙofofi, kowace an gina ta da sassa biyar na furotin da suka yi da'ira, da rami a tsakiya. Masana na kiran wannan ƙofa GABA-A. Idan GABA ya zo ya zauna a mazauninsa, sai ƙofar ta buɗe na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuloraid, wanda shi ne rabin abin da ya haɗa gishiri, ya kwarara ciki. Cajin lantarkin da kuloraid ke ɗauke da shi yana sa ƙwayar ta yi nauyin tashi, ko da saƙon totur ya iso mata.

Benzodiyazefin ba ya zama a mazaunin GABA. Yana da nasa gurbin a gefe, a mahaɗar sassa biyu da ake kira alfa da gama, kuma shi kaɗai ba ya iya buɗe ƙofar. Abin da yake yi shi ne, duk sanda GABA ya ƙwanƙwasa, ƙofar ta riƙa buɗewa akai-akai fiye da yadda ta saba. Makullin na hannun GABA, shi maganin mai kawai ya ɗiga wa ƙyauren. Wannan ɗan bambanci shi ne tushen nasarar waɗannan magunguna, domin yana nufin ƙarfinsu na da iyaka: ba za su wuce abin da GABA ɗin da ke cikin ƙwaƙwalwa ya ba su dama ba.

Don a gane girman wannan, sai a tuna abin da ake da shi kafin zuwansu. Tun farkon ƙarni na 20 dangin babiturat ne ke riƙe da fagen, irin su fenobabital da ya fito a 1912. Su ma a kan ƙofar GABA-A suke aiki, amma suna tsawaita lokacin da take a buɗe, in sun yi yawa kuma sai su buɗe ta da kansu ba tare da jiran GABA ba. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke sa barci da adadin da ke tsayar da numfashi ba ta da faɗi, kuma mutane da yawa sun rasu ta wannan hanya, wasu bisa kuskure, wasu da gangan.

A 1955 wani masanin haɗa sinadarai mai suna Leo Sternbach, wanda ya baro Turai zuwa Amurka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana aiki da kamfanin Hoffmann-La Roche a jihar New Jersey, ya haɗa wani sinadari ya ajiye shi ba a gwada ba. Sai a 1957, ana share ɗakin gwaji, aka ci karo da shi aka aika wa wani masanin magunguna na kamfanin, Lowell Randall, ya jarraba a kan dabbobi. Ɓeraye da kyanwoyi suka natsu, tsokarsu ta saki, jijjiga ta ragu. A 1960 aka fitar da shi kasuwa da sunan Librium, a 1963 ƙaninsa diyazefam ya biyo baya da sunan Valium. Daga 1969 zuwa 1982 babu maganin da aka fi rubutawa a Amurka kamar Valium, kuma a 1978 kaɗai an sayar da ƙwayoyinsa fiye da biliyan 2 a can. Abin da ke tsaya mini a rai a wannan tarihi shi ne, sai a 1977 ne masu bincike, Möhler da Okada a Suwizalan, da Braestrup da Squires a Denmak, suka gano gurbin da maganin ke kamawa a ƙwaƙwalwa. Shekara 17 ke nan ana sha kafin a san inda yake sauka.

Tunda ƙofofin GABA-A sun bazu a kusan ko'ina cikin ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, magani ɗaya na haifar da abubuwa biyar: yana rage fargaba, yana sa barci, yana tsayar da jijjiga, yana sakin tsoka, yana kuma hana ƙwaƙwalwa adana abin da ya faru bayan an sha shi. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye a ƙarshen shekarun 1990 sun nuna cewa ƙofofin ma ba iri ɗaya ba ne. Masu sashen alfa 1 su ke da alhakin barci da mantuwa, masu alfa 2 kuma rage fargaba. Amma benzodiyazefin ɗin da ake da su ba sa zaɓe, duka suke kamawa. Wanda ya zo neman ɗaya daga cikin biyar ɗin, da sauran huɗun zai tafi, ko yana so ko ba ya so.

To, me ya raba diyazefam da lorazefam da midazolam da sauransu, in aikinsu ɗaya ne? Lokaci. Saurin shigarsu ƙwaƙwalwa, da daɗewarsu a jiki. Masana na auna daɗewar da tsawon lokacin da jiki ke ɗauka kafin ya fitar da rabin maganin da ke cikin jini. Na midazolam kamar awa biyu ne. Na alfurazolam, wanda aka fi sani da Xanax tun fitowarsa a 1981, kamar awa 12. Na lorazefam awa 10 zuwa 20. Diyazefam kuwa kwanaki yake yi, kuma hanta na juya shi zuwa wani sinadarin da shi ma ke ci gaba da aiki, har ma ya fi shi daɗewa. Wanda ya sha diyazefam kullum na mako guda, na yau yana hawa kan na jiya da na shekaranjiya. Lorazefam da oksazefam da temazefam ba sa barin irin wannan wutsiya, shi ya sa likitoci kan karkata gare su idan majinyaci tsoho ne ko hantarsa ba ta da ƙarfi.

Inda waɗannan magunguna suka fi haskawa shi ne inda matsalar ke da tsanani amma gajeriya ce. Na ambaci farfaɗiyar da ta ƙi tsayawa. Akwai kuma wanda ya daɗe yana shan giya da yawa ya daina farat ɗaya. Giya ma birkin GABA take takawa, don haka ƙwaƙwalwar mashayi ta riga ta saba da tallafinta. Idan aka janye, cikin awa 6 zuwa 24 sai rawar hannu da zufa da fargaba su fara, bayan kwana biyu zuwa uku kuma wasu kan faɗa cikin ruɗewa da gane-gane da zazzaɓi, yanayin da ke iya kisa. Diyazefam ko Librium na tsayawa a gurbin giyar na 'yan kwanaki, a riƙa rage shi har ƙwaƙwalwa ta dawo daidai. Haka a cutar sarƙe-haƙora, inda dafin ƙwayar cutar ke toshe sakin sinadaran birki har tsoka ta sandare, ana ba da diyazefam ko midazolam da yawa don sassauta jiki. Kafin tiyata ko zura na'urar leƙa ciki, midazolam na kwantar da hankalin majinyaci, ya farka bai tuna wahalar ba. Akwai ma wani yanayi na taɓin hankali da mutum ke ƙamewa, ba magana, ba motsi, ba ci, wanda lorazefam ke iya warware shi cikin ɗan lokaci, abin da ke ba mai kallo mamaki. Saboda irin waɗannan ne diyazefam da lorazefam da midazolam ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ba kowace jijjiga ce tasu ba. A jijjigar masu ciki, wani babban gwaji da aka wallafa a 1995 ya nuna cewa sinadarin magnesiyam salfet ya fi diyazefam hana jijjigar dawowa da kusan rabi, kuma tun daga nan shi ne na farko.

Sai kuma fargaba da rashin barci, waɗanda su ne dalilin yawancin takardun maganin da ake rubutawa, kuma a nan maganar ke da nauyi. Ba na so a raina abin da ƙwayar ke yi wa mai fama. Wanda firgici ke kamawa ba zato, ƙirji ya ɗaure, ya tabbatar a ransa mutuwa ce ta zo, idan ya sha alfurazolam cikin rabin awa ya ji duniya ta dawo masa, ba wanda zai gaya masa maganin banza ne. Wadda ta yi kwana huɗu ba ta runtsa ba bayan wani babban rashi, barcin dare ɗaya a wurinta ba ƙaramin abu ba ne. Magungunan da aka fi so a yi amfani da su na dogon lokaci don fargaba, wato masu aiki a kan wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna serotonin, sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsu, kuma wani lokaci likita kan ba da benzodiyazefin ya zama gada kafin su kama.

Matsalar ita ce ƙwaƙwalwa ba ta zama ta naɗe hannu. Halittarta ce ta nemi komawa daidaiton da ta sani. Idan ta ga kullum ana taka mata birki fiye da kima, sai ta fara gyara kanta: ta rage yawan wasu ƙofofin, ta sauya sassan da take gina wasu da su yadda maganin ba zai kama sosai ba, ta kuma ƙara wa totur ƙarfi. Wannan shi ne sabo. Kuma sabon ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa a kan ayyukan nan biyar. Ƙarfin sa barci kan dushe cikin kwanaki zuwa 'yan makonni. Ƙarfin hana jijjiga kan ragu cikin makonni ko watanni, wanda shi ya sa ba kasafai ake dogara da su kaɗai a matsayin maganin farfaɗiya na kullum ba. Illar da ke kan tunawa da saurin hankali kuwa takan ci gaba. Barcin da suke kawowa ma ba daidai yake da na asali ba, domin suna rage zurfin barcin da jiki ya fi hutawa a cikinsa.

Bayan 'yan watanni, mutum na iya kaiwa inda ƙwayar ba ta ƙara masa komai, tana dai riƙe shi ne a inda yake kafin ya fara. Ranar da bai sha ba, birki ya yi rauni, totur ya yi ƙarfi, babu mai shiga tsakani. Sai fargaba ta dawo fiye da ta da, barci ya ƙaurace, hannu na rawa, haske da ƙara su zama azaba, wani ya ji kamar ba a jikinsa yake ba. A mafi muni, jijjiga ta buge wanda bai taɓa yin farfaɗiya ba a rayuwarsa. Masu gajeren zango irin su alfurazolam sun fi saurin kawo wannan, har wasu kan ji alamun tsakanin ƙwayar safe da ta yamma. Abin tausayi shi ne alamun janyewar sun yi kama da ciwon da aka fara shan maganin dominsa, sai majinyaci, wani lokaci har da likitansa, su ɗauka ciwon ne ya tsananta, a ƙara adadi.

Ya kamata a bambance wannan da jaraba. Jaraba ita ce mutum ya riƙa bin ƙwaya don jin daɗinta, yana ƙarawa, yana ɓoyewa, duk da ya ga tana rusa shi. Wannan akwai shi, musamman ga masu tarihin shaye-shaye. Amma da yawa daga cikin waɗanda suka maƙale ba su taɓa wuce abin da aka rubuta musu ba ko sau ɗaya. Bin umarni suka yi, jikinsu ya saba. Kallon irin waɗannan da idon zargi zalunci ne, kuma yana sa su ɓoye halin da suke ciki ko su yanke maganin a asirce, wanda shi ne abu mafi haɗari da za su iya yi.

Hukumomi sun daɗe da farga. A 1984 aka sa yawancin benzodiyazefin ƙarƙashin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 kan magungunan da ke taɓa hankali. A 1988 kwamitin kula da amincin magunguna na Birtaniya ya ce a taƙaita su ga mako biyu zuwa huɗu, kuma ga fargaba ko rashin barci mai tsanani kawai. A 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta a rubuta gargaɗi mafi ƙarfi a jikin dukansu game da sabo da jaraba da haɗarin janyewa.

Waccan iyakar ƙarfin maganin da na yaba a baya ma tana da sharaɗi: sai in maganin shi kaɗai ne a jiki. Babban mutum mai lafiya da ya sha ƙwayoyin diyazefam fiye da kima, yawanci barci mai nauyi zai yi ya farka. Amma in an haɗa da giya, ko da dangin mofin da kodin da tiramadol, kowanne na danne numfashi ta tasa hanyar, sai su taru su yi abin da ɗaya ba zai yi ba. Tun 2016 hukumar ta Amurka ta yi gargaɗi na musamman kan wannan haɗin. Akwai makarin benzodiyazefin mai suna fulumazenil, wanda ke ture maganin daga gurbinsa, amma ba a gaggawar amfani da shi, don ga wanda jikinsa ya saba yana iya tayar da jijjiga nan take.

Tsofaffi su ne suka fi damuna. Hantarsu ta yi sanyin aiki, ƙwaƙwalwarsu ta fi jin maganin, sai a samu jiri, faɗuwa cikin dare, karayar ƙugu, da ruɗewar da iyali za su ɗauka gigin tsufa ne alhali ƙwayar barci ce. Mai tuƙi da ya sha mai dogon zango jiya da daddare, da safe ma bai gama rabuwa da shi ba. Mai ciki da ta sha gab da haihuwa, jaririn na iya fitowa jiki a sake, ko ya nuna alamun janyewa. Masu ciwon huhu mai tsanani da masu ɗaukewar numfashi cikin barci su ma sai da taka-tsantsan. Mantuwar da ke da amfani a ɗakin tiyata kuwa, ita ce miyagu suka mayar makami da fulunitirazefam, wanda aka sani da Rohypnol, suna jefawa a abin sha. Kuma ƙwayoyin barci na baya-bayan nan irin su zolfidem, duk da sunansu daban ne, gurbin nan ɗaya suke kamawa.

Ga rashin barci da ya daɗe, abin da ƙa'idojin likitanci suka fi gabatarwa yanzu shi ne horon gyara tunani da ɗabi'un barci tare da ƙwararre, domin amfaninsa na ɗorewa bayan an gama. Ga fargaba ma haka, ko shi kaɗai ko tare da magungunan serotonin. Waɗannan na buƙatar lokaci da haƙuri da ma'aikacin da zai zauna ya saurara, abubuwan da suka fi takardar magani wuyar samu, kuma ina ganin wannan na cikin dalilan da mako huɗu ke zama shekara huɗu.

Wanda ya riga ya daɗe a kai, hanyarsa ita ce yaye, ba yankewa ba. Marigayiya Farfesa Heather Ashton ta jami'ar Newcastle a Ingila, wadda ta gudanar da asibitin yaye mutane daga waɗannan magunguna daga 1982 zuwa 1994, ta yaɗa tsarin da har yau ake amfani da shi: sau da yawa a mayar da mutum daga mai gajeren zango zuwa diyazefam, saboda yana sauka a jini sannu a hankali, sannan a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Lissafin musayar na buƙatar masani, domin ƙanƙantar ƙwaya na yaudara: rabin miligiram na alfurazolam ya kai kimanin miligiram 10 na diyazefam. Ragin kan kasance kashi 5 zuwa 10 cikin 100 duk bayan 'yan makonni, in alamun janyewa sun yi tsanani a tsaya a wurin har jiki ya huce kafin a ci gaba. Matakan ƙarshe su suka fi wuya, don haka a nan ake ƙara rage gudu. Wani ya gama cikin wata uku, wani sai ya haura shekara, yayin da ƙwaƙwalwa ke sake gina ƙofofin da ta rage, tana koyon taka birkinta da kanta.